Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Adelaide,
Nuwamba, 1991

Yaya Nangala,

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da Rijiyar Yankirri, tun ranar da na rako matata wurin injin wankin ƙoda, ta mutu ta bar ni a garin nan. Ina gaishe ki. Ina gaida Baba Jampijinpa, in har yanzu yana amsa gaisuwata. Ni lafiyata lau, sai gwiwa da ke ƙara in zan hau mota. Aikin masaukin marasa lafiya yana nan yadda kika sani: in ɗauko marasa lafiyarmu daga tasha, in kai su asibiti, in juya wa likita abin da suka ce, in juya musu abin da likita ya ce, kowa ya tafi yana jin haushina.

Ban zo makokin ɗanki ba. An gaya mini kin ce zuciyata ta koma siminti. To. Wata biyar ina wanke Kumanjayi, kamar yadda muke kiran mamaci tunda ba a ambaton sunansa, ina juya shi a gado, ina ba shi shayi da cokali. Ni na sa akwatinsa a jirgi. Ranar akwai tsofaffi a masauki da ba mai jin harshensu sai ni. Ba gafara nake nema ba, faɗa miki kawai nake yi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san matarsa surukata ce a dokar gargajiyarmu. Rukunin dangantakarsu ɗaya da uwar matata, ko da yake na girme ta da shekara talatin. Ba na kiran sunanta, ba na kallonta, ba na aika mata magana. Ke uwar mijinta ce, hanyarki a buɗe take. Ki kai ta wurin nas, ita da yaron, a ɗebi jininsu a duba. Wuƙar da ta tsaga kanta da ita a makoki kuma, yadda matanmu ke yi, kada wata mace ta sake taɓa ta.

Kada ki tambaye ni dalili. Akwai maganar da ba ta dace ta fito daga bakin ƙane ta shiga kunnen yayarsa ba.

Ƙanenki,
Horace Jangala


Rijiyar Yankirri,
Disamba, 1991

Jangala,

Gaisuwarka ta iso. Muna nan da rai. Zafi ya yi yawa, injin rijiya ya lalace an gyara. Baba yana lafiya, sai ido. Ina zuwa makaranta da safe in taya malama, da rana in koma sansanin mata, inda zawarawa da masu takaba suke, in zauna.

Kai ka daɗe a birni har ka manta yadda ake karanta wasiƙa a nan? Jirgi ya sauka, aka miƙo mini ambulan a barandar kanti, kowa ya matso. "Karanta mana, mu ji ko ɓataccen ya tuna da mu!" Na karanta da ƙarfi kamar kullum. Kafin idona ya gane abin da bakina ke faɗa, jini da wuƙa sun riga sun fita.

Ka san abin da ka yi? Takardar likita ta ce ciwon huhu. Ba wanda ya yarda tari zai kashe namiji ɗan shekara ashirin da shida. Tun ranar da aka binne shi dangin ubansa ke neman wanda ya yi masa asiri. Sai ga kawunsa, wanda ya ga ƙarshensa, ya aiko cewa a duba jinin matar, a guji wuƙarta. Me kake so su ce? Yanzu cewa suke ita ce. Wai ta yi saurayi, suka haɗa baki. 'Yan'uwanta maza sun zo daga arewa cikin mota biyu, da kulake a ƙarƙashin kujera, sun sauka a bayan coci. Kullum sai an yi tsaye-tsaye a bakin kanti ana kallon juna.

Ita kuma tana takaba. An aske mata kai, ta shafa farar ƙasa, bakinta a rufe yake sai da hannu take magana. Ko da za ta ce ba ni ba ce, doka ba ta ba ta murya ba. Mata sun daina shan shayi a gwangwaninta. Jiya na ga ta dafa, ta ajiye, ya huce ba wadda ta taɓa. Yaron ma an fara janye yara daga wurinsa.

Ɗana ya tafi, ban da wani. Yarinyar nan ce ta saura mini, da jikana. In kana zarginta da wani abu, ka fito ka faɗa. In kuma ba ka zarginta, ka daina yi mini rabin magana. Kunya ce ta hana ka? Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi. Rubuto dukanta.

Yayarka da ba ta koma siminti ba,
Beryl Nangala


Adelaide,
Disamba, 1991

Yaya,

Ina gaisuwa. Wannan ki tafi bayan makaranta ki karanta ke kaɗai. In kin ga dama ki juya wa takardar baya ki karanta ta gefen ido.

Ba ta yi komai ba. Ki fara riƙe wannan. Ba wanda ya yi masa asiri.

Ƙanjamau ne ya kashe ɗanki, ciwon da kuke ji a rediyo kuna cewa na Turawa ne. Huhu shi ne ƙofar da mutuwa ta bi, amma ciwon ya riga ya cinye gidan. Ya same shi a shekarun da yake yawo da 'yan kiɗa a biranen gabas. Bai san yana da shi ba lokacin da ya zo gida da sanyin bara, ya yi watanni tare da matarsa. Kin gane sauran. Ciwon yana bin kwanciyar miji da mata, yana bin jini in ya haɗu da jini, yana bin uwa zuwa jariri. Ba ya bin gwangwanin shayi, ba ya bin bargo, ba ya bin hannu. Na sha a kofinsa wata biyar, ga ni nan ina rubutu, baƙin halina ma bai ragu ba.

Kwana kaɗan kafin ya daina magana ya ce da ni, "Kawu, rufe ƙofar nan."

Na rufe.

"Za ka faɗa musu."

Na ce, "In faɗa wa wa? Uwarka yayata ce, matarka surukata ce. Duk ƙasar nan ka rasa wanda za ka aika sai mutumin da kowace hanya ta toshe masa?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ai shi ya sa, Kawu. Kai ba ka da sauran mutuncin da za ka rasa a can."

"Ɗan banza. Ko a nan ba za ka bar ni in huta ba?"

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Ba roƙonka nake ba, Kawu. Sa ka nake."

Na yi wata guda ina neman hanyar da zan cika masa ba tare da na sa sunansa a bakin mutane ba. Abin da na samu shi ne waccan wasiƙar. Kin ga inda ta kai mu.

Yanzu zaɓi yana hannunki, kuma ba mai daɗi a ciki. In kin yi shiru, ɗanki zai kwanta da mutuncinsa, yarinyar ta ɗauki laifi. In kin yi magana, za a san shi ya kawo. Ke kika haife shi, ba zan zaɓa miki ba. Amma ki sani akwai magani a nan da ke jan kwana, kuma wanda aka gano da wuri ya fi daɗewa.

Horace


Adelaide,
Fabrairu, 1992

Yaya,

Gaisuwa, in ana karɓa. Ina nan ban mutu ba.

Wata biyu shiru. Kin ce in faɗi dukanta, na faɗa, kin rufe ƙofa. Ban yi mamaki ba. Tun ina yaro haka garin nan yake: a tambaye ka gaskiya, in ka faɗa a ɗauke tabarma a bar ka a rana. Ki gaya musu su ƙara wannan a kan laifuffukana, akwai sauran wuri.

Amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Ko za ku daina kiran sunana kamar na matacce, abin da ke cikin jini yana nan a cikin jini. In ba za ki iya ba ki gaya mini, in rubuta wa nas da kaina, ko da hakan zai sa in kira sunan da ba a yarda in kira ba.

H.


Rijiyar Yankirri,
Maris, 1992

Jangala, sarkin fushi,

Muna lafiya. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso. Ruwa aka yi kamar sama ta fashe, filin jirgi ya zama tafki, hanya ta yanke. Garin fulawa ya ƙare a kanti, muka koma cin guza da abin da mata suka haƙo. Kai kana can kana ƙirga laifin da ba a yi maka ba.

Na karanta a bayan makaranta. Ba zan gaya maka yadda na yi ba. Kwana uku ban je aiki ba.

Da na tashi na je wurin Sista Maureen, nas ɗinmu. Mace ce mai kirki, ta riƙe hannuna ta yi kuka. Sai dai ta kira birni ta rediyo, da hanya ta buɗe aka turo mana wani saurayi da akwatin bidiyo da kwalin kwaroron roba. Ya tara gari kaf a zauren taro. Maza da mata, Jangala! Suruki da suruka a ƙarƙashin rufi ɗaya! Ya kashe fitila, sai ga Turawa a kan gado. Da ya kunna fitila ya ɗauko sandar tsintsiya zai nuna yadda ake sa abin, tsofaffi suka rufe kai da bargo, maza suka fita ta taga. Inna Topsy, ƙanwar uwarmu, ta tsaya a ƙofa ta ce masa, "Yaro, uwarka ta san aikin da kake yi?" Yara sun yi mako suna hura abin kamar balo. Bawan Allah bai yi da mugunta ba, amma yanzu ba mai son jin sunan ciwon ma.

Yarinyar ba ta je ba. In nas ta je wurinta ita kaɗai, an tabbatar da zargi ke nan. In na ja ta zuwa ɗakin magani, haka. 'Yan'uwanta suna nan. Makon jiya an fasa wa ɗaya kai a bakin kanti.

Na yi tunani. Matan nan ba za su saurari takarda ba, amma ba macen da za ta tashi in ana zana labari a rairayi. Kai ka ga ciwon da idonka, ni na iya zanen ƙasa. Ka ba ni labari. Kuma ka san ba mu da ikon taɓa na kowa sai na gidanmu, wato wuta.

Na je wurin Baba neman izini. Yana zaune yana haɗa taba da toka. Bai bari na gama ba.

"Wuta tamu ce tun kafin a yi duwatsun can. Ba a yi mata sabon labari."

"Baba, ƙarami ne, na bakin rafi. Ba zan taɓa babban ba."

"Babba ko ƙarami, labari yana da masu shi, yana da masu gadinsa. Masu gadi sun ce a yi? Dangin mamacin ne masu gadi, je ki tambaye su mana." Ya tofar da yawu. "Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana shan ruwan famfo ba zai aiko mana wuta a cikin ambulan ba."

Ya san ba za su yarda ba, su da ke neman kan yarinyar. Ga inda muka tsaya.

Beryl


Adelaide,
Maris, 1992

Yaya,

Na ji daɗin jin kuna lafiya. Wasiƙar fushin nan ki hura wuta da ita.

Baba ya yi gaskiya, kuma da gaskiyarsa zan kama shi. Ki je ki tuna masa dokar da shi ya koya mini. Mu 'ya'yan maza mu ne masu labarin wuta, amma 'ya'yan 'yan'uwanmu mata su ne masu gadinsa. Su ke yi mana zane a jiki, su ke cewa tashi, su ke cewa zauna. In mai gadi ya ce yi, mai labari ba ya cewa a'a, ko da furfura ta cika masa kai. To, Kumanjayi ɗan wa? Ɗanki ne. Mai gadin wutarmu ne, an kai shi daji, an yi masa komai na zama namiji. Shi ya ce mini, ba roƙonka nake ba, sa ka nake. Ni ma sai da na karanta wasiƙarki na gane da wace murya ya yi maganar. Ba ɗa ne ke roƙon kawunsa ba. Ki ce wa Baba in zai soke umarnin mai gadi, ya je kabari ya soke.

Ga labarin. Ni direba ne, ki gyara.

Wani mutum ya tafi ƙasa mai nisa, inda ruwa ke da gishiri. Sanyi ya kama shi, ya kwana a gefen wutar baƙi. Da zai taho suka ba shi bakin wuta, kamar yadda ake yi wa matafiyi. Wutar ƙasar can daban take. Ba ta haske, ba ta hayaƙi, ta ƙarƙashi take bi ta ci saiwa, itace yana tsaye da ɗanyen ganye. Waɗanda suka ba shi ba su sani ba. Shi ma bai sani ba. Ya zo gida yana murna, ya ajiye ta a makwancinsa shi da matarsa, don yana sonta, ba ya so ta ji sanyi.

Shekara ta wuce, itacen inuwarsa ya faɗi rana tsaka. Mutane suka ɗauko mashi da kulki. Wa ya sare shi? Suka duba, ba sawun gatari. Wata tsohuwa ta sa sandar haƙa ta tona, sai ga saiwa ta zama gawayi. Ta ce ku ajiye makamai, ku zo mu tona gindin sauran itatuwa, mu san wanda wuta ta taɓa mu yi masa ban-ruwa. Wanda ya zauna a inuwarsa ba ya ƙonewa. Wanda ya ci 'ya'yansa ba ya ƙonewa. Sai saiwar da ta haɗu da saiwa.

Maganar ɓawon da ake naɗe bakin wuta da shi don kada ta zuba, wato abin da saurayin ya kawo a kwali, ke kin san yadda za ki faɗa wa mata. Ni bakina ya tsaya a nan. Ki sa maganar wuƙa ɗaya a makoki, da reza, da allura.

Kada ki faɗa a zaure. Kada namiji ya kasance a wurin. Kada Sista ta yi magana, ta zauna kawai da jakarta.

Horace


Rijiyar Yankirri,
Mayu, 1992

Ƙanena,

Ina gaishe ka da kyau. Sanyi ya fara, Baba yana tari amma yana cin abinci. Zauna ka ji.

Na kai masa maganarka. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wa ya shaida yaron ya faɗi haka?"

Na ce, "Baba, ka taɓa jin Jangala ya yi ƙarya don a so shi?"

"Wannan? Ko gaisuwa ba ya yi don a so shi."

"To gobe da hantsi ina rafi. In za ka hana, ka zo da mashinka, cinyata tana nan, ka soke ta yadda doka ta ce."

Ya juya mini baya. Da na yi nisa na ji yana gaya wa karensa, "Mai gadi ya yi magana. Ni ban ji komai ba."

Mata sun zo, har da waɗanda na ɗauka ba za su zo ba. Muka zauna a busasshen rafi. Surukarka tana can gefe ita kaɗai, fari fat da ƙasa, yaron a cinyarta. Na share rairayi da tafin hannu. Na zana mutumin, na zana sawunsa har bakin ruwan gishiri, na share, na zana dawowarsa. Labarinka ƙashi ne ba nama, sai da na sa masa kare da waƙar hanya, na sa matar ta gasa masa wutsiyar kangaru. Suka yi dariya a inda ya kamata. Da itacen ya faɗi ba wadda ta motsa.

Sai uwar yarinyar ta miƙe. Ka san ta, murya kamar injin rijiya. Ta ce, "Nangala, bar zagaye. Wane ne mutumin nan da ya kawo wuta?"

Na ce, "Ba shi da suna. Kin san waɗanda ba su da suna."

"Ke wa ya gaya miki?"

"Uwarsa ce ke zana miki."

Jangala, ban san yadda maganar ta fita ba. Na ji kamar na sake binne shi. Wasu suka fara kuka, na ce ba kuka na kira ku ba, akwai sauran labari. Na zana tsohuwar da sandarta. Na faɗi maganar ɓawo, na faɗe ta yadda mata ke faɗa, ba za ka ji ta daga bakina ba. Na ce yanzu sai tono, ga Sista can da jakarta.

Duk ido ya koma kan yarinyar. Abin da na ji tsoro ke nan. Sai Inna Topsy ta dafa sanda ta tashi, ta naɗe hannun riga. "Ni za a fara tonawa. Maza huɗu na binne, wa ya san abin da suka bari?" Aka fashe da dariya. Na bi bayanta. Uwar yarinyar ta biyo ni. Kafin a zo kanta mata sun fi ashirin a layi, ta shiga tsakiya kamar kowa.

Sakamako ya dawo da jirgin makon jiya. Sista ta kira kowa ɗaki ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa na wani ba. Yaron lafiya lau. Wannan ni kakarsa aka gaya wa.

Ita kuwa wutar ta taɓa ta. Ba Sista ta faɗa ba, ita ta faɗa. Da yamma a sansanin mata ta zo tsakiya, ta zana itace a ƙasa, ta nuna saiwar, ta nuna ƙirjinta. Sannan ta ɗora gwangwani a wuta, ta dafa shayi, ta kurɓa, ta miƙa hannu da shi. Na yunƙura, Inna Topsy ta riga ni. Ta sha, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ciwo dai ciwo, amma rowar sukari fa? Wa ya koya miki?" Gwangwanin ya zaga ya dawo babu komai a ciki.

'Yan'uwanta sun koma arewa. Uwarsu ta gaya musu abin da za su iya ji. Dangin ubansa sun yi shiru, amma shirun wanda bai gane ba ne. Mata ba za su faɗa wa maza wannan labari ba, ka sani. Kuma samarin nan kullum suna hanyar birni.

Jiya Baba ya kira ni. Ya ce, "Ki gaya wa mai ruwan famfo, maza ba sa karɓar wuta a takarda. In yana da labari, ya zo ya zauna a ƙasa ya faɗa, a kalli idonsa."

Na isar.

Yayarka,
Beryl Nangala


Adelaide,
Yuni, 1992

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna Topsy, ki ce mata na saya mata sukari. Gwiwa tana nan. Na karanta wasiƙarki a cikin mota a bakin asibiti, wani ya yi ta danna mini ham ban ji ba.

Abin da kika yi a rafi ya fi ƙarfina. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Na yi magana da likitar da ta duba Kumanjayi. Za ta riƙa aika magani ta hannun Sista, kuma za a ga yarinyar a asibitin garin Alice da ke kusa da ku duk bayan 'yan watanni, ba sai ta zo nan ba. Ban yi miki alkawarin warkewa ba, ba wanda ke da shi. Shekaru ake nema, yaron ya yi wayo ya san fuskar uwarsa.

Ki ce wa Baba zan zo. Ba don ya kira ni ba, don wanda ya sa ni ne. Zan zauna a ƙasa, zan faɗa musu har da abin da ba su so, har da reza ɗaya da ake yi wa samari aiki da ita a daji. In sun ga dama su tashi su bar ni, gobe in sake zama. Mai masauki ya ce in na wuce wata guda kada in dawo. Na ce masa ya fara koyon harshenmu tun yanzu. Na samo wata mata daga wajenmu da za ta riƙa juya wa tsofaffi magana, ba zan bar su kurame ba.

Ki sa a share mini wuri yamma da coci, nesa da sansanin mata, ƙofa tana kallon daji. Ki gaya wa yara su riƙa yi mini kira in surukata tana tahowa kanti, in kauce. Ba zan gan ta ba, ba za ta gan ni ba. Akwai bargo ɗaya mai kauri a kayana, ja ne. Ki ajiye shi inda za ta tsinta. Ba ni na aiko ba.

Ki turo wani ya tare ni a tashar bas ta Alice ranar jirgin wasiƙu na farkon wata. Ba ni da kuɗin ɗaukar mota.

Ga abin da shekara goma sha ɗaya ta tara mini, don kada a yi tsammanin attajiri ne ke tafe. Dala ɗari huɗu da tamanin, kuɗin bas zai ci ɗari da sittin. Bargo biyu. Reza sabuwa kwali uku. Sukari buhu ɗaya. Jitar ɗanki, wadda na ɓoye ban bari an ƙona ta da sauran kayan mamaci ba, sai yaron ya girma. Shi ke nan.

Ƙanenki,
Horace Jangala